Arba'in Ɗin Matar da Aka Yi wa Aiki: Wa Zai Ɗauke Mata Taɓarya?

 

Maudu'inmu na yau zai faro daga wurin da bai yi kama da namu ba, amma a yi haƙuri a biyo mu, a gida za mu sauka.

Akwai wata tiyata da ta zama yayi a tsakanin matan masu hali a Legas da Abuja, wasu har Turkiyya suke tafiya dominta, wato tiyatar gyaran tumbi. Likita zai tsaga ƙasan ciki daga wannan ƙugu zuwa wancan, ya yanke fatar da ta saki da kitsen da ke ƙarƙashinta, ya ɗinke naman cikin da haihuwa ta buɗa, ya yi wa cibiya sabuwar ƙofa, sannan ya rufe. Mafi yawansu kwalliya ce ta kai su. Kuma aikin yana da haɗari, domin manyanmu ba su manta ba cewa a watan Oktoba na 2005 Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu a ƙasar Sifen bayan an yi mata tiyatar rage kitsen ciki.

Ko ya dace a yi irin wannan tiyata ko bai dace ba, wannan zance ne na wata rana. Abin da ya ja hankalinmu shi ne irin jinyar da ake yi wa wadda aka yi wa ita. Kafin a sallame ta za a karanta mata dokoki, a ba ta a rubuce. Ba za ta ɗaga abu mai nauyi ba har sai ta yi mako shida. Kwanakin farko a ɗan duƙe za ta riƙa tafiya don kada ɗinki ya ja. Za ta riƙa taka ƙasa a hankali kullum don kada jini ya daskare mata a ƙafa. Ba za ta jiƙa ciwon cikin ruwa ba sai ya kame. Za a sa mata ranar da za ta koma likita ya duba. A gida kuwa kowa ya san ta sha wuƙa, babu mai tunanin ya ce ta tashi ta ɗora tukunya.

To, a wannan ƙasan cikin dai, kusan a kan layi ɗaya, ake tsaga matanmu da ƙannenmu da 'ya'yanmu idan haihuwa ta zo da gardama. A manyan asibitocin da ke kusa da mu ake yi, irin na Tudun Wada da Rano, idan abin ya fi ƙarfinsu a tura Murtala ko asibitin Malam Aminu Kano a cikin birni. Kuma aikin haihuwa ya fi na kwalliya nisa a cikin jiki. Mai gyaran tumbi a bangon ciki yake tsayawa. Mai ciro jariri kuwa sai ya ratsa fata da kitse, ya yanka farar tantanin nan mai ƙarfi da ke riƙe da kayan ciki, ya raba nama, ya shiga cikin cikin, ya tsaga mahaifa kanta. Duk wannan a jikin matar da wataƙila ta kwana biyu tana naƙuda, ta zubar da jini, ko jijjiga ta kama ta. Idan ta farfaɗo kuma ga jariri yana jiran nono.

Amma da ta dawo gida, sai a karɓe ta a matsayin mai jego kawai, a jera ta da wadda ta haihu da kanta a ɗakinta. Wanka ɗaya, kunu ɗaya, hidimar suna ɗaya. Da an share mako biyu ko uku, an fara kallon ta da idon “ai ta warke”.

Ra'ayinmu a nan shi ne: matar da aka yi wa aiki majinyaciya ce, kuma kwana arba'in ɗin da al'ada ta riga ta ware wa mai jego su ne mafi ƙarancin hutun da ya wajaba a ba ta. Mako shidan da likitoci suke faɗa kwana 42 ne. Kakanninmu sun ce 40. Ashe ba baƙon abu ake nema daga gare mu ba. Abin da ake nema shi ne a gyara abin da ake yi a cikin arba'in ɗin, ya dace da cikin da aka yanka.

Abin da yake ruɗar mutane shi ne fata. Fatar sama takan haɗe cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, a cire zare idan irin wanda ake cirewa ne, a ga layi ya kwanta lafiya. Amma ba fata ce take riƙe da hanji ba. Tantanin da ke ƙarƙashi shi ne katangar, shi kuwa sai a hankali yake ɗaukar ƙarfi, makonni kafin ya fara riƙewa sosai, watanni kafin ya kusa yadda yake a da. Kamar ginin ƙasa ne da aka yi wa yaɓe: waje ya bushe, ciki ɗanye. Idan aka ɗora masa nauyi a wannan lokaci, ko dai ɗinki ya buɗe, ko ya saki ta ciki ba a sani ba, bayan watanni a ga wani ƙullutu ya turo a kan tabon, yana girma idan ta yi tari ko ta yunƙura. Wannan ƙaba ce ta wurin aiki, kuma ba ta da magani sai wata tiyatar.

Yanzu a duba aikin da ke jiran mace a gidajenmu, daga Burumburum zuwa Yaryasa, daga Ƙofa zuwa Yako, daga Dadin Kowa zuwa Riruwai. Jarka mai lita 25 idan ta cika ruwa nauyinta kilo 25 ne. Jaririn da likita ya ce kada ta ɗauki abin da ya fi shi nauyi, kimanin kilo uku ne. Jan guga daga rijiya, surfen masara, dakan fura, tuƙin tuwon gida mai mutum goma sha biyar, wankin tsugune, goyon yayan jaririn da bai daɗe da barin nono ba: babu ko ɗaya a ciki da ba da ƙarfin ciki ake yin sa ba. Idan haihuwar ta faɗo da kaka, lokacin da masara da shinkafa suka cika tsakar gida, to sai dai Allah ya kiyaye.

Sai maganar wanka. Mun san a nan ne za a fi jayayya da mu, don haka mu yi ta a fili. Wankan jego yadda aka gada, ruwa ne mai tafasa, a tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya a riƙa fyaɗa wa jiki safe da yamma, a danna ciki da tsumma mai zafi, wasu wuraren a zaunar da mace cikin ruwan. Ɗinki sabo ba ya son ko ɗaya daga cikin waɗannan. Jiƙa shi yana tausasa bakinsa ya buɗe hanya ga ƙwayoyin cuta. Danna shi yana ja wa zare. Wani abin kuma da yawancin masu wankan ba su sani ba: fatar da ke kewaye da wurin aikin takan mutu da ji na tsawon makonni ko watanni, saboda ƙananan jijiyoyin da wuƙa ta ratsa. Mace za ta iya ƙonewa a wurin ba ta ji zafin ba sai an ga ƙuna ta tashi. Wadda aka yi wa aiki ta yi wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu, a tsane wurin da tsumma mai tsabta, a bar shi a bushe. Kada a shafa masa man kaɗanya ko toka ko garin magani, ko da na ƙwaya ne da aka fasa.

Haka kunun kanwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta yawansa da shan kanwa da gashin zafi. Binciken da aka yi daga baya a Kano, wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye yake kan gaba a cikinsa, ya nuna akwai wasu dalilan, irin su ƙarancin wani sinadari a abinci da ramar jiki da hawan jinin masu ciki. Ko ma wanne ya fi nauyi, abu ɗaya bai canja ba: kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ƙara wa jini hawa. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa aiki kuwa hawan jini ko jijjiga ne ya kai su ɗakin tiyata. Ɗura wa irin wannan mace kunun kanwa kwano-kwano ƙara wa wuta itace ne. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya ko koko, duk za su kawo ruwan nono.

Za a ce mana: “Mu da haka aka yi mana, haka aka yi wa iyayenmu, ga mu nan garau.” Gwaggo da Inna gaskiya suka faɗa, kuma ba mu raina saninsu ba. Su suka san yadda ake riƙon jariri da yadda ake lallashin mai haihuwar fari, abin da babu takardar da ke koyar da shi. Sai dai a lura da abu guda. Wannan al'ada an gina ta ne a kan jikin matan da suka haihu da kansu. A zamanin da aka shimfiɗa ta, matar da ɗa ya zo mata a gicciye, ko ƙugunta ya yi masa kaɗan, ko mabiyiya ta tare masa hanya, yawanci ba ta kai ga tukunyar wankan ba. Wadda ta tsira kuma sau da yawa da yoyon fitsari ta tsira. Saboda haka kakanninmu ba su bar mana ƙa'idar wankan wadda aka yanka cikinta ba, don ba su taɓa yi wa irinta wanka ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai kuma takunkumin abinci. A wasu gidajen ana hana mai ɗinki ƙwai da nono da gyaɗa da kifi, wai suna sa ciwo ya yi mugunya. Ƙwayoyin cuta ne suke kawo mugunya. Waɗannan abincin da ake hanawa su ne ma kayan ginin da jiki yake buƙata ya haɗe nama ya mayar da jinin da ya zuba. Allah ya hore mana su a kusa: kifin Tiga, wake, awara, nonon rugage, zogale, ƙwan kajin gida. A haɗa mata da gwanda ko lemo da ruwa mai yawa, don bayan gida mai tauri yana sa yunƙuri, yunƙuri kuwa a kan ɗinki yake sauka. Ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta a asibiti ta shanye su, kada a ajiye a saman kwaba.

Ranar suna ma abar dubawa ce. Kwana bakwai daidai yake da lokacin da ciwon aiki ya fi nuna alamar ruɓa idan zai ruɓa, kuma a daidai nan ne ake son mai jego ta yi kwalliya, ta canja kaya sau uku ko huɗu, ta tashi ta zauna ta durƙusa wa kowace baƙuwa, ɗaki ya cika da jama'a da zafi. Raɗa suna da yanka dabba ba sa buƙatar mai jego ta miƙe tsaye. Taron mata kuwa babu ayar da ta ɗaure shi da rana ta bakwai. A rage shi, ko a ɗaga shi zuwa arba'in a haɗa da murnar samun lafiya.

Ga 'yan matanmu masu haihuwar fari kuma, mun san damuwar tumbi tana nan, kuma wayar hannu tana ƙara hura ta. Sai a ga yarinya ta tamke ciki da ɗankwali ko majanyi har numfashi yana yi mata wuya, ko ta sayi shayin rage tumbi a intanet tana sha alhali tana shayarwa. Mahaifa da kanta take komawa mazauninta cikin kimanin mako shida. Naman cikin da ya buɗe yakan ɗauki watanni yana matsowa. Akwai bel mai roba da likitoci kan yarda a ɗaura sama-sama don ya tallafi ciki a lokacin tafiya, amma tallafi ne kawai, ba ya narkar da kitse. Ɗauri mai tsanani a kan ɗanyen ɗinki yana tara gumi, yana hana shi shan iska. Kada garin neman gira a rasa ido. Ko masu tiyatar kwalliyar da muka faro da su, likitocinsu na shawartar su da su jira sai sun gama haihuwa.

Amma duk waɗannan ba su kai wani abu ɗaya ciwo ba, wato baki. Har yau akwai gidajen da ake yi wa wadda aka yi wa aiki kallon raguwa, wadda ta kasa abin da kowace mace take yi. Habaicin kishiya ko na facala, ko shirun uwar miji, ya isa ya sa yarinya ta ɗauki taɓarya tun kwana goma don ta nuna ita ma mace ce. Wannan kallon ne kuma yake sa wata ta ɓoye naƙuda a ciki na gaba don kada a sake kai ta asibiti. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwar da ake yi ta hanyar tiyata a Najeriya ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba, a Arewa maso Yamma ma ƙasa da haka sosai, alhali a 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafin cewa kashi 10 zuwa 15 ne ke buƙatar ta. Wannan giɓin ba jarumta ba ce, mata ne da jarirai da aikin zai cece su amma ba su same shi ba. Binciken dai ya ƙiyasta mata 512 ne ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Wadda aka yi wa aiki ta dawo da ranta da na ɗanta, barka biyu ta cancanta.

Magidanta, yanzu ku muke nufi. Ku kuke sa hannu a takardar aiki, ku kuke neman jini, wani ya sayar da buhunan masara ko ɗan bijimin da yake kiwo. Duk wannan wahalar za ta iya tashi a banza saboda jarkar ruwa ɗaya. Na farko, ranar sallama kada a ɗora ta a babur. Daga birni zuwa Tudun Wada ya haura kilomita 100, na Doguwa kuwa sai sun ratsa dajin Falgore, ga hanyoyin ƙauye masu gargada. A nemi mota, ta zauna a sake, ta rungumi matashi a ciki, a riƙa tsayawa tana ɗan taka ƙasa. Na biyu, kafin a baro asibiti maigida ya tsaya da kansa ya ji bayanin ma'aikata, ya kuma shigo da wadda za ta yi wankan ta ji da kunnenta. Magana daga bakin likita ta fi sauƙin karɓa a wurin suruka fiye da daga bakin matar ɗanta. Na uku, a tsara tun kafin ta dawo wa zai ɗebo ruwa, wa zai kai niƙa, wa zai yi girki. Kuɗin mai ruwa da na injin niƙa na kwana arba'in ba su kai kuɗin tiyata ta biyu ba. Idan gidan iyayenta ne za ta fi samun hutu, a bar ta ta je wankan gida ko da ba haihuwar fari ba ce. Na huɗu, a ba mahaifar da aka ɗinke lokaci. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi shekara biyu kafin wani cikin, daidai da shekara biyun shayarwa da muka sani a addini. Haihuwa ta gaba kuma a asibiti, ko da awo ya nuna komai lafiya, domin tsohon ɗinki yana iya fashewa a tsakiyar naƙuda, kuma idan ya fashe a ƙauye da dare, hanya ta yi nisa.

Hutu kuma ba ya nufin kwanciya wuni guda. Ta riƙa zagaya tsakar gida a hankali sau da yawa a rana. Idan za ta tashi daga gado ta juya gefe ta dogara da hannu. Idan tari ko atishawa ya zo ta dafe wurin. Addini ma ya sauƙaƙa wa mara lafiya, idan lokacin komawa salla ya yi kuma ruku'u da sujada suna ja mata, a zaune ma ta halatta.

Ga alamun da idan aka ga ɗaya daga cikinsu ba a jiran gari ya waye: zazzaɓi da rawar ɗari, wurin ɗinki ya yi ja ko ya kumbura ko yana fitar da ruwa mai wari, bakin ciwon ya buɗe, jini yana zuba da yawa ko da guda-guda, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, numfashi yana yin sama-sama ko ƙirji yana suka, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Waɗannan ba iska ba ce, ba sanyin jego ba ne da za a ƙara wa ruwan wanka zafi. Asibiti za a nufa. Ko lafiya lau take, ƙa'idar duba mai jego ita ce a gan ta a rana ta uku, a sake gani tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida.

Hukuma ma tana da nata kason. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Abin a yaba ne. Amma aiki ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu da kwamitocin lafiya na mazaɓu su tabbatar ƙananan asibitocinmu suna da kayan wankin ciwo da ma'aikacin da zai duba ɗinki, don kada mace ta sake bin doguwar hanya saboda canjin bandeji. A buga dokokin jinya da Hausa, boko da ajami, a miƙa wa kowace mai aiki ranar sallama. A kira ungozomomin gargajiya da masu wankan jego a zauna da su, domin su ne suke shiga ɗakunan da likita ba ya shiga. Limamai kuma su taɓo maganar a wuraren raɗin suna, inda maza suke taruwa.

Abin da muka faɗa ya shafi maza ma. Wanda aka yi wa aikin ƙaba ko na hanjin da taifot ya huda, idan ya koma huɗa ko ɗaukar buhu kafin lokaci, abin da zai same shi ke nan. Bambancin kawai shi ne namiji idan ya ce bai warke ba ana yarda da shi.

Iyayenmu mata da ke cikin wannan zaure, da ma'aikatan lafiyarmu, ku kuka fi mu sanin abin da ke faruwa a ɗakunan jego. Ku faɗa mana yadda ake yi a garuruwanku, da inda kuke ganin ba mu yi daidai ba. Wanda kuma yake da mai aiki a gidansa yanzu haka, ya leƙa tsakar gida yau ya ga wa ke riƙe da taɓarya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.